Na gama karatun gyaran ƙashin baya a waje, yaya zan yi rajista in fara aiki a Saudiyya?

Mai tambayar matashi ne haifaffen Jidda, mai fasfon Najeriya, wanda har yanzu igamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya, tana ƙarƙashin ta mahaifinsa. Ya kammala digiri na biyu a Afirka ta Kudu a fannin kairofraktik, wato gyaran ƙashin baya da gaɓɓai da hannu. Yana son sanin inda ake rajista a Saudiyya, da takardun da za a nema, da kuma ko zai iya fara duba mutane a gida ko a mustausaf ɗin (ƙaramin asibitin) wani abokin babansa kafin takardun su fito. Ya ce kawunsa ya gaya masa ai maɗora sun shekara da shekaru suna aiki a unguwannin Hausawa na Makka da Jidda ba wanda ya taɓa tambayarsu takarda.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun, ya saka wa Alhaji da Hajiya da alheri kan ɗawainiyar da suka yi. Ni ma'aikacin gashin ƙashi ne, na daɗe ina aiki a ƙasar nan, kuma cikin aikina akwai duba fayil ɗin sababbin ma'aikata kafin a miƙa wa hukuma. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ce ta fi tayar min da hankali.

Kada ka taɓa bayan kowa da sunan magani kafin lasisinka ya fito. Ko a ɗakin Hajiya ne, ko kyauta ne, ko abokin Alhaji ya rantse maka ba abin da zai faru. Dokar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, wadda aka kafa da umarnin sarki mai lamba M/59 a shekarar 1426 ta Hijira, daidai da 2005, ta tanadi a sashe na 28 ɗaurin da zai iya kaiwa wata 6 da tarar da za ta iya kaiwa riyal 100,000, ko ɗaya daga cikinsu, ga wanda ya yi aikin lafiya ba lasisi. Wannan ga ɗan ƙasa ma ke nan. Kai da kake riƙe da igama, abin da ke biyo baya ya fi tarar ciwo: ana iya yi maka tarhil, wato a kore ka daga ƙasar, a raba ka da garin da aka haife ka, kuma duk wata hukumar lafiya da za ka nemi rajista a wurinta nan gaba tana da tambaya a fom ɗinta kan ko an taɓa hukunta ka. Ga shi igamar rakiya irin taka ba ta ba ka izinin aiki ba tun farko. Shi ma mai mustausaf ɗin, in ya bar ka ka duba majiyyaci a wurinsa, ya jefa lasisin wurin nasa cikin haɗari. In yana ƙaunarka da gaske, ya ajiye maka gurbi har takardunka su kammala.

Maganar kawu kuwa, ina girmama ta, kuma ban raina ɗori ba. Gado ne, akwai gidajen da aka sani da shi tun kaka da kakanni. Amma rashin tambayar mutum takarda ba izini ba ne. Maɗorin unguwa ba shi da fayil a gaban hukuma da zai ɓaci. Kai kana da shi, kuma shekarun da ka kwashe a makaranta duk a kansa suka rataya.

To, ina ne ƙofar? A nan mutane da yawa suke ɓata watanni. Kowa ya san Hukumar Ƙwarewar Fannonin Lafiya ta Saudiyya, wadda muke kira Hai'a a taƙaice, da aka kafa a 1992. Ita ce ke tantance likitoci da nas-nas da masu harhaɗa magani da mu masu gashin ƙashi, ta shafinta na Mumaris Plus, ta ba kowa matsayinsa sannan ta yi masa rajista. Saboda haka duk wanda ka tambaya a asibiti can zai nuna maka. Amma Saudiyya ta sanya fanninka cikin magungunan da ake kira na tallafi, kuma waɗannan suna ƙarƙashin Cibiyar Ƙasa ta Magungunan Madadi da na Tallafi, wadda majalisar ministoci ta kafa a 2008, tana da alaƙa da ma'aikatar lafiya. Ƙa'idojin cibiyar sun ƙunshi ƙaho, da allurar Sin, da ostiyofati (wani salon gyaran ƙashi da tsoka da hannu), da kairofraktik, da naturofati (magani da abinci da tsirrai da makamantansu). Can za ka fara ƙwanƙwasawa. Wanda yake da digirin gashin ƙashi ko na likita tun da farko, sannan ya ƙara da kairofraktik, shi zai yi hulɗa da wuraren biyu, don rajistarsa ta Hai'a tana nan a kan sana'arsa ta asali. Ka nemi ƙa'idar da ke aiki a yanzu daga cibiyar kanta, a rubuce, ka karanta da idonka. Ana sabunta waɗannan ƙa'idoji, kuma abin da wani ya bi ya samu lasisi shekarun baya ba lalle ne ya yi maka aiki yau ba.

Yanzu ga shawarar da na fi so ka riƙe. In har kana Afirka ta Kudu, kada ka yi gaggawar haɗa kaya. Digiri shaida ce cewa ka yi karatu. Lasisi kuwa shaida ce cewa wata hukuma ta yarda ka taɓa majiyyaci, kuma tana iya hukunta ka in ka yi ba daidai ba. Hukumomin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, idan baƙo ya zo da digirin waje, abin da suke fara dubawa shi ne ko ƙasar da ta koyar da shi ta yarda ya yi aiki a cikinta. A Afirka ta Kudu, majalisar da ake kira AHPCSA, wadda ke aiki da doka mai lamba 63 ta 1982, ita ke rajistar masu sana'arka. Ka cika duk sharuɗɗanta, ka karɓi cikakkiyar rajista ta ma'aikaci, ba ta ɗalibi kaɗai ba. In takardun zamanka sun ba ka dama, ka yi aiki a can ƙarƙashin wani babba a sana'ar, a wurin da ke da rajista, wanda zai iya ba ka takardar shaidar aiki mai ɗauke da ranar farawa da ranar gamawa, da matsayinka, da hatimi, da lambar wayar da in an kira za a ɗauka.

Dalili shi ne sharaɗin ƙwarewa. Baƙon ma'aikacin lafiya a wannan yanki ana neman ya nuna ya yi aiki bayan kammala karatu, kuma awannin da ka yi a asibitin makaranta kana ɗalibi ba sa shiga wannan lissafi, don su ɓangare ne na digirin. Na ga matasa da dama da suka faɗa wannan rami. Mutum ya gama karatu, kewar gida ta ja shi, ya dawo Jidda da digiri kaɗai. A nan a ce masa sai da ƙwarewa, shi kuma ba zai samu ƙwarewa a nan ba sai da lasisi. Ya zauna yana jira, wata ya bi wata, har wata matsalar ta same shi: daɗewa ba a aiki. Hukumomin yankin nan suna ɗaukar gibin da ya haura shekara 2 a matsayin katsewar aiki, sai an sake horar da mutum kafin a karɓe shi. Na san zaman baƙunta akwai tsada, kuma iyaye sun ƙosa su ga ɗansu. Ka zauna da Alhaji ka yi masa wannan bayani a tsanake, don shekara ɗaya ko biyu da za ka ƙara a can ta fi sauƙi kan shekarun zaman jira a nan.

Sai takardu. Hukumomin lafiya a nan ba sa wadatuwa da kwafin da ka miƙa musu, ko da an buga masa hatimi goma. Suna amfani da kamfanin DataFlow, wanda ke tuntuɓar jami'arka da majalisar da ta yi maka rajista da wurin da ka yi aiki kai tsaye, ya tambaye su ko takardar daga wurinsu ta fito. Kai za ka biya kuɗin, kuma saurin aikin ya dogara ne da saurin amsar waɗancan wurare. Shi ya sa nake cewa kafin ka bar Afirka ta Kudu ka je ofishin rajistara da ƙafarka, ka san wanda ke amsa irin waɗannan wasiƙu, ka karɓi adireshin imel ɗin da ke aiki. Rahoton da ya dawo da cewa ba a iya tabbatarwa ba yana tsayar da fayil, rahoton da ya dawo da cewa takardar ba ta gaskiya ba ce kuwa yana bin mutum har sauran ƙasashen yankin. Kada ka yarda wani ɗan kamasho ya ce zai gyara maka takardar ƙwarewa, ko ya ƙara maka wata shida a kai. 'Yan'uwanmu da suka taso daga Sudan bayan ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 sun ga wahalar wannan mataki ba da laifinsu ba, don makarantu da ofisoshi da yawa sun rufe ko sun yi ƙaura. Kai da ofisoshinka ke buɗe, ka yi amfani da damar.

Manyan takardun da za ka tara su ne: takardar digiri, da cikakken sakamakon darussa na kowace shekara, da rajistar majalisa, da takardar shaidar kyakkyawan hali daga majalisar, da shaidar aiki, da fasfo. Takardar kyakkyawan hali tana da ɗan gajeren rai, 'yan watanni ne, don haka ita za ka nema daga ƙarshe. Game da hatimin ƙasa da ƙasa, Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Hague ta afostil, wato hatimin da ke sa a amince da takardar wata ƙasa a wata, tun Disamban 2022, Afirka ta Kudu ma tana ciki, amma ka tambaya ko suna son hatimin ofishin al'adu na jakadancin Saudiyya a kan digirin, kuma ka sani afostil ba ya maye gurbin binciken DataFlow.

Akwai wata matsala da ta fi damun mu Hausawa, kuma ba wanda ke faɗa mana sai ta auku: suna. Fasfo ya ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, igama ta zo da suna huɗu a jere irin na Larabawa har da na kaka, takardar sakandare kuma ta ɗauki sunan gari a matsayin sunan mahaifi. Ga ranar haihuwa, wata takarda da lissafin Hijira, wata da na Miladiyya, an juya an samu bambancin kwana ɗaya ko biyu. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke gaban kwamfuta yana ganin mutum uku. Ka shimfiɗa takardunka duka a tabarma yau ɗin nan, ka bi su harafi bayan harafi. Fasfo shi ne ma'auni. In digirin ya saɓa masa, ka nemi jami'a ta gyara ko ta ba ka wasiƙar da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, tun kana kusa da ita.

Ka kuma roƙi makarantar ta ba ka bayanin awannin karatu da na aikin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora kan horon wannan sana'a a 2005, inda ta sa mafi ƙarancin cikakken horo a awa 4,200 cikin shekara 4, kuma aƙalla awa 1,000 daga ciki a gaban majiyyata ƙarƙashin kulawar malami. Ga wanda ya riga ya zama ma'aikacin lafiya, ta sa awa 2,200, ita ma da awa 1,000 na aikin asibiti. Jami'o'i biyu da ke koyar da fannin a Afirka ta Kudu, Jami'ar Fasaha ta Durban da Jami'ar Johannesburg, suna cikin waɗanda majalisar tantance ilimin kairofraktik ta Turai ta amince da su, don haka ta wannan fuska kana kan tudu. Na kawo alƙaluman ne kuma saboda wasu ƙannenmu da ke ganin tallan kwas na kwana goma a TikTok da Snapchat, a koya wa mutum murɗa wuya har ya yi ƙara, a miƙa masa satifiket mai zinariya a gefe. Wannan takarda ba ta kai kowa ga lasisi, kuɗin kawai ake ci.

Bayan an tabbatar da takardu, ka shirya wa gwaji, ko rubutacce ko na baka a gaban kwamiti. Ka sabunta shaidar horon ceton rai na gaggawa. Sannan sai batun wurin aiki, don lasisin baƙo a nan yana tafiya ne tare da cibiyar da ta ɗauke shi, ita ma cibiyar dole ta kasance tana da izinin ba da irin wannan magani. Za a mayar da igamarka daga ta Alhaji zuwa ta wurin aikin, a rubuta kwantiragin a Qiwa, shafin gwamnati na harkokin ƙwadago, a sa sana'ar da ke igamar ta dace da aikin da kake yi. Ka karanta kwantiragin ka ga wane ne ke biyan inshorar kuskuren aiki, kada ka fara ba tare da ita ba. Wani zai zo ya ce ku buɗe wuri da sunan wani ɗan ƙasa, kai ka riƙa gudanarwa kana ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma dokarsa ta 2020 ta kai hukuncin har ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ka nisance shi.

Kada ka ɗauka duk wannan wahala ce kawai ta ofis. Abin da hukuma ke son tabbatarwa shi ne ka san bayan da ba a taɓawa. Gwanintar hannu kowa na iya koyo. Ilimin yana wurin gane cewa wannan ciwon baya ba na gaɓa ba ne. Kuma mutanen da za su fara zuwa wurinka, saboda harshe da yarda, mutanenmu ne, masu ɗauke da cututtukan da littattafan da ka karanta ba su cika tsayawa a kansu ba. Sikila tana da yawa a cikinmu, tana cin kan ƙashin cinya, tana raunana ƙasusuwan baya, tana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi. Tarin fuka yana kama ƙashin baya ya yi ta cinsa a hankali, mutum na rama yana gumin dare yana cewa sanyi ne. A ƙasar nan akwai zazzaɓin Malta da ake ɗauka daga ɗanyen nonon raƙumi da na awaki, shi ma yana sauka a ƙashin baya. Ga tsofaffin mata masu zaizayar ƙashi, ga masu shan maganin tsinka jini, ga wanda ciwon daji ya bazu zuwa bayansa bai sani ba. Wanda ya zo da ciwon baya tare da riƙewar fitsari ko kuɓucewarsa, da mutuwar fata a tsakanin cinyoyi, wannan ba gadonka zai hau ba, sashen gaggawa za ka tura shi a sa'ar nan, don jijiyoyin ƙarshen laka ne suka matse. Murɗa wuya kuma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da tsagewar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, abin da ke iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Mai lasisi da ke aiki a cibiya yana da likitan da zai tura wa, da hoton ƙashi, da fayil, da takardar yardar majiyyaci. Mai aiki a ɓoye in abu ya ɓaci tsoro zai hana shi kiran motar asibiti da wuri, kuma majiyyacin ne zai biya wannan jinkiri da jikinsa.

Idan lasisin ya fito, ka kula da bakinka da allonka. Dokar da na ambata ta hana ma'aikacin lafiya tallata kansa sai ta hanyar da ƙa'ida ta yarda, ta kuma hana shi rubuta wa kansa laƙabin da bai samu ba. Mutanen unguwa za su kira ka Dakta ko ka so ko ka ƙi, amma a kati da allo ka rubuta abin da ke cikin lasisinka kawai. Binciken da ake da shi ya nuna gyaran baya da hannu yana taimakawa daidai gwargwado a ciwon ƙugu da wasu ciwukan wuya da gaɓɓai, musamman in an haɗa da motsa jiki. Bai nuna yana warkar da hawan jini ko ciwon sukari ko asma ko rashin haihuwa ba. Tsohuwar koyarwar da ta samo asali daga D. D. Palmer, wanda ya fara sana'ar a garin Davenport na Amurka a 1895, cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka, ita kanta majalisar masu sana'ar ta Birtaniya ta bayyana a 2010 cewa babu hujjar binciken asibiti da ke goyon bayanta. Za a zo maka da matar da ta shekara goma ba haihuwa, an ce mata bayanta ne ya goce. Ka gaya mata gaskiya cikin tausasawa, ka nuna mata likitan mata.

In kuma ƙofar Saudiyya ta yi jinkirin buɗewa, ko ka yi sha'awar wata ƙasa, ka sani lasisi ba ya tsallaka iyaka. A Amurka kowace jiha ke ba da nata, bayan jarrabawa mai kashi huɗu ta NBCE, hukumar jarrabawar masu sana'ar ta ƙasar. A Birtaniya, dokar 1994 ta kafa majalisar da ke rajista, laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da rajistarta ba, kuma wanda ya yi karatu a waje sai ya ci gwajin cancanta. A Daular Larabawa, Dubai da Abu Dhabi kowacce da hukumarta, sauran masarautun kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ta tarayya. A gida Najeriya, hukumar rajistar masu aikin farfaɗo da gaɓɓai, MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke kula da mu masu gashin ƙashi, kuma kairofraktik yana cikin fannonin da ke ƙarƙashinta. Tunda fasfonka na can ne, yin rajista da aiki a Kano ko Abuja wata hanya ce ta tara ƙwarewar da ake nema, in zaman Afirka ta Kudu ya gagara. Sai dai ka tambayi cibiyar ta Saudiyya tun kafin ka tafi ko za ta karɓi ƙwarewar da aka samu a can, ka ajiye amsar.

Duk inda ka fara yin rajista, kada ka bar ta ta mutu bayan ka samu ta biyu. Ka riƙa biyan kuɗin shekara, ko ka nemi a mayar da kai matsayin wanda ba ya aiki a ƙasar in majalisar tana da wannan tsari, don duk ranar da za ka sauya ƙasa wurinta za a koma neman shaidar halinka. Ka riƙa ajiye shaidar duk wani taron ƙara ilimi da ka halarta, da ita ake sabunta lasisi. Idan amsar cibiyar ta iso, ka turo min abin da suka rubuta game da shekarun ƙwarewa, mu duba tare kafin ka sayi tikitin dawowa. A gaishe min da Alhaji da Hajiya.